Faifan da Ya Nome Gonar Baba

Tun kuna ƙanana gwaggonku Hannatu take ba ku labarin wai kakanku ya karya mini faifan kiɗan Turawa domin ya ce kiɗan Shaiɗan ne. Na ji ta faɗa a bikin auren ɗan'uwanku Dauda, na ji ta maimaita ranar sunan 'yarsa, kuma duk faɗa sai ta ƙara masa gishiri, har an kai ga cewa da ƙafa ya tattake shi yana karanta Zabura. Na sha haɗiye maganata saboda ba na son in ƙaryata ƙanwata gaban surukai. Amma yanzu gwiwoyina sun fara ba ni labarin tsufa, kuma ba na son in tafi in bar mahaifina da laifin da bai yi ba. Hannatu ba ƙarya ta ƙaga ba, ta ga faifan a karye a hannunsa. Sai dai lokacin ko zane ba ta iya ɗaurawa ba, ƙarshen labarin kaɗai ta tarar. Ga yadda abin ya faru.

A shekarar babban fari, wanda ya share dabbobin Damargu, ina saurayi na baro kwaleji a Damagaram na dawo Tanut, domin babu abin da za a ci gaba da riƙe ni da shi a can. Baba mai wa'azi ne a 'yar majami'armu, wadda ko kowa ya zo ranar Lahadi ba ma cika ta. Sauran kwanakin mako kuwa manomin hatsi ne kamar maƙwabtanmu Musulmi, gonarsa tana bakin hanyar Gangara. Cikin masu rabon jar dawa ta agaji akwai wani saurayin Bature da mutanen gari suka sa wa Jan Wuya, saboda yadda rana ta gasa masa ƙeya. Ni nake yi masa tafinta da ɗan Faransancina na lakwal, wato makarantar boko. Yana da garmaho mai batir a cikin akwati irin na tafiya, da faifai ɗaya da ba ya gajiya da shi. Ranar da na fara jin sa ina ɗaure bakin buhu ne, na saki igiyar, dawa ta zube mini a ƙafa.

Kiɗan nan ba ya sallama. Allura na sauka sai jita ta yi wani gurnani kamar an ja ƙusa a kan kwanon rufi, ganga ta faɗo a kai, sannan wani yaro ya ɓarke da waƙa da muryar da ba ta gama fashewa ba. Jan Wuya ya ce mini 'yan makaranta ne a ƙasarsu, masu kamar shekaruna a lokacin, suka taru a ɗakin da uban ɗayansu yake ajiye mota, da kayan kiɗa masu arha, suka buga shi shekaru da yawa kafin ya zo mana. A bangon faifan ga su nan tsaitsaye, gashi ya rufe musu ido, wanduna sun matse su, ɗaya fuskarsa duk ƙuraje. Ban ji kalma ko ɗaya ta abin da suke faɗa ba. Abin da na ji shi ne mutanen da ba su jira sun iya ba kafin su fara, kuma ni a lokacin duk rayuwata jira ce: jiran ruwa, jiran motar dawa, jiran a ce in koma makaranta. Na so faifan nan so na gaske, ba na jin kunyar faɗa. Da Jan Wuya zai tafi ya bar mini shi har da garmahon. Ya riƙe hannuna ya ce abu ɗaya zai gaya mini, kada in bar rana ta taɓa shi, domin rana ce ajalinsa.

To, daga nan kowa a unguwarmu ya zama alƙalin kiɗa. Na farko shi ne Mushe Lawali, malamin lakwal, mutum mai tsabta da sanin faya-fayan Kongo da na Kuba, wanda ya taɓa riƙe jita da hannunsa a Yamai. Ya zauna a kujera ya harɗe ƙafa, ya saurari fuska ɗaya har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya goge.

“Iliya, jitar nan ba a ɗaure ta daidai ba. Mai bugunta wuri uku kaɗai ya sani a wuyanta, daga nan ya koma nan, ya dawo. Mai waƙar kuma ihu yake, ba waƙa ba. An ɗauki muryarsu kamar a cikin garwa. Ka zo gidana in sa maka kiɗa.”

Na yi fushi har na daina gaishe shi da kyau na ɗan lokaci. Yau da na tsufa, na kuma yi shekaru ina gyaran rediyo, zan gaya muku duk abin da Mushe ya lissafa gaskiya ne, babu ƙage a ciki. Jitar ba a ɗaure take daidai ba. Kawai dai ni ban taɓa jin hakan ya rage wa faifan komai ba, shi ma har ya rasu bai canza ra'ayi ba, muka ci gaba da musunmu muna dariya. Inna kuwa, kakarku, tata damuwar daban ce. Ta tsaya da muciya a hannu tana kallon akwatin.

“Wannan yaro uwarsa na da rai kuwa? Wa ya taka shi? Ku ba shi ruwa ya sha mana.”

Amma na sha kama ta tana daka, taɓaryarta na sauka daidai da gangar, in ta ga ina kallonta sai ta harare ni ta ce in tashi in nemi abin yi. Wanda hukuncinsa ya yi mini nauyi shi ne Baba. Mutum ne da ba ya yanke magana sai ya ji ta, don haka ya sa na sa masa faifan gaba da baya, yana zaune a buzu, hannunsa a haɓa. Da ya ƙare ya yi tambaya ɗaya.

“Wa suke wa?”

Na ce ban gane ba.

“Mu a majami'a Allah muke wa waƙa. Maroƙa suna wa sarki, ko mai gona, ko amarya. Ko mai raino jariri take wa. Waɗannan wa suke wa?”

Na ce ina jin kansu suke wa. Ya gyaɗa kai ya ce abin da yake tsoro ke nan. Bai ambaci Shaiɗan ba, ku riƙe wannan. Cewa ya yi waƙar da ba ta yi wa kowa aiki hayaniya ce, kuma gidansa ƙarami ne, ba shi da wurin hayaniya. Haka na kwashi akwatina na kai gidan Baba Mutari, maƙwabcinmu, makaɗin gangar noma, wanda duk gayyar da aka yi a yankinmu tun kafin a haife ni shi ya kaɗa ta. Fari ya kore shi kudu da iyalinsa, ya dawo ba ganga, ya bar ta can a bakin abinci. Ko ya sassaƙa wata ma, babu akuyar da ta rage a gari balle a sami fata. Yakan zauna a zaurensa yatsunsa na bugun cinyarsa bai sani ba. Shi bai kula jita ba, bai kula mai ihu ba, kunnensa na kan yaron da ke bayan ganga.

“Ɗan Malam, mayar da wannan wurin. A'a, na baya. Ka ji? Ba ya ado, ba ya neman a ce ya iya. Duka ɗaya yake yi kamar mai son ya gama aiki ya tafi gida. In ya doshi ƙarshe kuma sai ya ƙara wuta. Yaron nan ubansa manomi ne, ko an gaya maka ko ba a gaya maka ba.”

Damina ta faɗi a shekarar da ta biyo, ruwa na kirki, irin wanda muka manta kamanninsa. Muka shuka ɗan irin da Baba ya ɓoye a tulu duk tsawon yunwar nan, wanda ko ranar da Hannatu ta kwana tana kuka bai bari an taɓa shi ba. Hatsi ya tsiro kyakkyawa. Sai kurkunu ya fito wa Baba a ƙafa biyu, daidai lokacin noman farko, ya kwantar da shi, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Ni kaɗai na rage da hauyar tsaye, ga ni ɗan lakwal mai laushin tafi. Ina nome gabas, ƙarangiya na rufe yamma. Kuna iya ganin hatsin yana yin rawaya a ƙarƙashin ciyawa. Wannan gona ita ce duk abin da muke da shi, kuma babu wani iri a tulu in ta lalace. Motocin agaji sun riga sun tafi.

Mafita ɗaya ce, gayya. Inna ta ce za ta tuƙa abin da ya rage na jar dawa a ciyar da mutane. Amma ku da kuka tashi a birni ba ku san gayya ba ganga ba. Mutane za su zo don kunyar Baba, su yi noman kunya, kafin hantsi ya ɗaga kowa ya tuna tasa gonar, ga jikin mutane bai gama dawowa daga yunwa ba. Ganga ce take sa saurayi ya manta ya gaji, ya ƙi yarda na kusa da shi ya wuce shi. Baba Mutari ne ya shigo gidanmu da kansa, ya tsuguna gefen shimfiɗar Baba suka gaisa.

“Malam, ni ba ni da ganga, amma akwai ganga a zaurena. Tana cikin akwatin ɗanka. Muryarta ce ƙarama. In za ka ba da lasifikarka ta wa'azi, ni zan yi kirarin da bakina, yaran nan su riƙe mini kiɗa.”

Lasifikar nan da batirin mota da ke kunna ta su ne Baba yake fita da su ranar kasuwa, ba abin da ya taɓa ratsa ta sai Linjila da waƙoƙin majami'a. Baba ya kalli rufin ɗaki. Na san yana tunanin abin da dattawan majami'a za su ce, domin akwai masu ganin ko rediyo bai kamata mai wa'azi ya ajiye ba. Can ya juyo ya dube ni.

“Iliya, kayanka ne. Ka yarda?”

Na ce na yarda, har da rawar jiki, don ni a raina dama ta samu duk Tanut ta ji faifaina. Ban tuna da gargaɗin Jan Wuya ba sai da muka sauke kaya daga amalanken jaki a bakin gona. Itace ɗaya ne a gonar Baba, gawo, shi kuwa gawo kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara. Muka kafa sanduna muka ɗora tabarma a kai, na ajiye garmaho a ƙarƙashi, na kara makirfo a bakinsa, muka rataye lasifika a reshe. Samari suka jeru da hauyoyinsu, Musulmi da Kirista, har Mushe Lawali ya zo da tsohon wando, ya ce shi don Malam ya zo ba don garwa ba. An kawo Baba a kan jaki aka zaunar da shi kusa da ni.

Da jitar nan ta yi gurnaninta ta cikin lasifika, jakin ya tsinke igiya ya yi daji, mutane suka kwashe da dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Sai ganga ta shigo, Baba Mutari ya sa hannu a kunne ya ɗaga murya a kanta, ya fara kiran samari ɗaya-ɗaya da sunan ubanninsu da kakanninsu, yana zuga wannan yana tsokanar wancan. Ban san lokacin da dariya ta tsaya ba. Na ga dai hauyoyi sun fara tafiya tare, tura, ja, tura, ja, ƙura na tashi a bayansu. Waƙoƙin gajeru ne, kowace in ta doshi ƙarshe sai ta ƙara sauri, layin ma ya ƙara, in ta yanke mutane su yi ihu su ce a sake. Ina juya faifai, ina mayar da allura, ina juyawa. Wannan yaro mai ihu da Inna ta ce a ba shi ruwa, a fili ƙarƙashin sama muryarsa ta zauna daram, kamar dama don gona aka yi ta. Ban taɓa jin faifan ya yi daɗi irin na ranar ba, kuma ban taɓa alfahari da wani abu nawa haka ba.

Rana ta hau. Inuwar tabarma ta tsuke, ta zame gefe, muna jan akwati muna bin ta, ga zafi na tasowa daga rairayi ta ƙasa. Sa'ad da na zo juya faifan na ji shi da ɗumi da taushi a yatsuna, na duba sai na ga bakinsa ya fara ɗagawa, allura na hawa tana sauka. Saura kusurwar yamma, inda ƙarangiya ta fi yawa. Na san in kiɗa ya tsaya aka zauna cin tuwo, babu mai sake tashi, gobe kuma kowa na da tasa gonar. Baba ma ya gani, domin idonsa na kan hannuna. Ya taɓa mini kafaɗa.

“Ɗauke shi, Iliya. Ya isa haka. Abin da ya rage za ka nome a hankali.”

Mu biyu mun san ba zan iya ba, ciyawar ta riga ni. Na tsaya da faifan a hannu ina kallon yaran nan na bango, masu gashi a ido. Ba zan ce muku na yi wani dogon tunani ba. Haushi ne ya kama ni, haushin rana, da kurkunu, da farin da ya raba ni da makaranta, kuma haushin nan iri ɗaya ne da wanda nake ji a muryar mai waƙar tun ranar farko. Na mayar da faifan na ɗora allura na ƙure murya. Kiɗan ya fara lilo, jita na kuka tana miƙewa, allura na tsalle tana komawa baya, amma ganga ba ta ɓace ba, Baba Mutari kuma ya cike duk inda ta yi rami da tafi da baki. A haka aka cinye kusurwar yamma. Lokacin da na ƙarshe ya ɗaga hauyarsa sama, faifan ya lanƙwashe kamar fatar da aka shanya aka manta, ko juyawa ba ya yi. Na shiga bayan gawo na yi kuka, ƙato da ni, mutane na can suna cin tuwo.

Yanzu ga wurin da Hannatu ta shigo. Baba ya karɓi faifan a hannuna a ranar, ya sa shi cikin rigarsa. Ashe ya ƙudura zai gyara mini. A saninsa duk abin da ya lanƙwashe, fata ko tabarma ko takarda, danne shi ake yi ya miƙe. Da ƙafarsa ta fara sauƙi ya ja jiki zuwa madafa, ya shimfiɗa tsumma, ya kwantar da faifan, ya ɗauko dutsen niƙan Inna ya ɗora a kai a hankali. Faifan ya riga ya huce ya yi tauri. Ƙas, ya rabe biyu. Hannatu ta leƙo ta gan shi da ɓari a kowane hannu, ta ruga waje tana shela Baba ya karya kiɗan Iliya. Kafin Lahadi dattawan majami'a sun ji, suka zo suna yi masa barka, wai ya wanke lasifika ya nuna wa matasa hanya. Ya ce musu ba haka aka yi ba, gyara ya so yi. Suka ce tawali'u ne irin nasa. Ni da na tarar da shi a madafa na ga fuskarsa, ban taɓa ganin mahaifina cikin kunya irin wannan ba.

“Na ɓata maka, Iliya. Ka gafarce ni. Na ɗauka zai miƙe.”

Na ce masa rana ta riga ta kashe shi, dutse gawa ya tarar. Bangon faifan Inna ta mayar maficin hura wuta har ya ƙare, shi ya sa da kuka ce in faɗi sunan mawaƙan ku nemo mini a wayarku na rasa abin faɗa. Ban riƙe sunan ba. Kiɗan kam yana nan a kaina, har inda allura take tsalle.

Gonar ta yi hatsi, wanda ya kai mu wata damina har da iri. A al'adarmu in an yi girbi, mai gona yakan ware dami ɗaya na makaɗin da ya kaɗa masa gayya. Ranar da muke ɗaurin dammuna Baba ya ware na Baba Mutari, sannan ya zaɓi wani, mafi tsawon zangarniya, ya ajiye shi gefe. Na tambaye shi na wane ne.

“Na yaran nan. Na tambaye ka wa suke wa, ka ce kansu. Ni suka yi wa. Har yanzu ban ce jitarsu ta yi mini daɗi ba, amma sun nome mini gona, kuma a gonata suka ƙare.”

Na ce to ina za mu kai musu, ba mu san sunansu ba, ba mu san garinsu ba. Ya ce wannan ba ta hana haƙƙi zama haƙƙi. Ya ɗora damin a kansa, yana ɗingishi, ya ƙi in karɓa, ya kai har zauren Baba Mutari ya ce ya riƙe a madadin abokan sana'arsa. Da damin nan Baba Mutari ya samo fatar akuya a kasuwar Gangara ya ɗinka sabuwar ganga. Duk gayyar da ya kaɗa bayan haka, in aka doshi ƙarshen gona sai ya shiga wani kiɗa mai sauri mara ado, wanda samari suke kira kiɗan Jan Wuya. In Baba na wurin yakan sunkuyar da kai kamar bai ji ba, amma ni da ke kusa da shi ina ganin babban yatsan ƙafarsa, mai tabon kurkunu, yana bugun ƙasa. Wannan shi ne mutumin da aka ce muku ya tattake mini faifai.